Ma'anar "Write Off" a Harkokin Kuɗi

Kalmar Turanci "write off" tana da ma'ana uku. Ta farko ita ce yafe bashi, kamar yadda ƙungiyar ƙasashe masu bin bashi ta Paris ta amince ta yafe wa Nijeriya dala miliyan dubu 18 a 2005. Ta biyu, banki ya cire bashin da ya fid da ran samu daga littafinsa, ya lissafa shi cikin hasara. Ta uku, kamfanin inshora ya yanke cewa motar da ta yi haɗari ta wuce gyara.

Ta biyun ce ke ruɗin 'yan kasuwa, domin banki na da ikon ci gaba da bin kuɗinsa. Saboda haka kada wanda ake bi ya saki jiki sai ya karɓi takardar yafewa.