Kafin Ka Ɗaura Tirela A Bayan A-kori-kura

 Ɗana, labari ya iso mini cewa an damƙa maka tuƙin a-kori-kura mai shan dizal, ƙirar Hilux, kuma aikin ya haɗa da jan 'yar tirela tsakanin Jos da Abuja, yau buhunan dankalin Turawa, gobe janareta. Allah ya sanya albarka, ya tsare hanya. Na san hannunka ya faɗa a sitiyari, don haka ba tuƙi zan koya maka ba. Magana ɗaya ce tawa, maganar giya, domin motar da ka saba da ita babu kaya wata aba ce daban da zarar an rataya mata tan biyu a baya.

Ka fara da sanin halin injinka. Injin dizal ba ya son ihu irin na mai shan fetur, ƙarfinsa a ƙasa yake. Injin Hilux na zamani mai lita 2.8 yana ba da cikakken ƙarfin jansa tun daga juyi 1,600 a minti ɗaya, ya riƙe shi har ya wuce 2,000 da 'yan ɗaruruwa. Agogon da ke nuna juyin inji, na kusa da na gudu, wanda yawancin direbobi ba sa ko kallonsa, shi ne abokin shawararka. Idan kana jan kaya, ka nemi giyar da za ta ajiye allurar a wajen 2,000 ko sama kaɗan. In ta faɗo kusa da 1,200 alhali ƙafarka na danne da totur, za ka ji motar tana kakkarwa, injin na gurnani, wani lokaci salansa ta tofar da baƙin hayaƙi. Wasu suna jin daɗin wannan gurnani, su ce mota ce mai ƙarfi. A gaskiya wahala take sha. Mai yana shiga da yawa, iska ba ta isa ba, zafi yana taruwa a cikin injin, kuma duk bugun yana sauka a kan kuloci da ƙarafan da ke riƙe da juyin. Rage giya ɗaya kawai, ka ji yadda numfashinta zai daidaita.

Yanzu ga abin da ba kowa ke gaya wa yara ba. A mota mai giyar hannu guda biyar, giya ta huɗu ita ce madaidaiciya: juyin da ya fito daga inji shi ne yake wucewa baya, ba ragi ba ƙari. Ta biyar an yi ta ne don hutar da inji a shimfiɗaɗɗiyar hanya, tana ƙara gudu amma tana rage ƙarfin ja. A Hilux mai otomatik mai giya shida ma haka abin yake, ta huɗu ce madaidaiciya, ta biyar da ta shida duk na hutu ne. To wanda ke jan tirela mai nauyi ba hutu yake yi ba. Ban ce haramun ne ka taɓa giyar sama ba. Idan hanya ta miƙe, tirelar ba ta cika ba, iska ba ta bugunka ta gaba, ka sa abinka. Amma da ka hango hanya ta fara ɗagawa, ka dawo huɗu tun kafin motar ta roƙe ka.

Kalmar "kafin" ɗin nan ita ce rabin nasihata. Mai amalanken shanu ba ya bari sai sun durƙusa a tsakiyar tudu sannan ya tuna da rage musu kaya. Canjin giya a tsakiyar hawa yana cinye gudun da ka tara, domin a ɗan lokacin da ka taka kuloci, tirelar tana jan ka baya. Sai ka nemi uku ka tarar ta yi maka yawa, ka nemi biyu a gigice, motocin bayanka suna ta oda. Ka rage tun daga gindin tudu, ka riƙe totur daidai wa daida, ka hau da gudun da motar ta yarda da shi. Wanda ya matsu ya wuce.

Idan otomatik aka ba ka, kada ka ɗauka harafin D ya ɗauke maka tunani. Akwatin giyar otomatik da mai yake aiki, kuma babban abokin gabansa zafi ne. Duk lokacin da ka ji motar tana kai-kawo tsakanin giya biyu, ta hau biyar, ta dawo huɗu, ta sake hawa, to man nan dahuwa yake yi. Ba za ka ga illar a ranar ba. Sai bayan watanni giya ta fara zamewa, bakanike ya zare man ya nuna maka ya yi baƙi yana warin ƙuna, sannan a fara lissafin kuɗin da ya fi albashinka na shekara. Maganin abu ne mai sauƙi: ka tura sandar giyar zuwa ɓangaren S, ka tsayar da ita a 4, ma'ana ka hana ta wuce giya ta huɗu. Manyan a-kori-kura na Amurka, irin su Ford da Ram da Chevrolet, suna da maɓalli na musamman mai rubutun Tow/Haul. Idan aka danna shi motar tana jinkirta hawa giya, kuma tana rage giya da kanta in ka taka birki a gangara. In wata rana irin wannan ta faɗo hannunka, ka danna shi duk lokacin da tirela ke baya. In babu, hannunka ne maɓallin.

Hawa dai dukiya yake ci. Gangara kuwa rai take ci, shi ya sa zan daɗe a kanta.

Jos tana bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma duk wanda zai bi ta Riyom ya nufi Akwanga sai ya sauka Hawan Kibo. Ba sai na ba ka tarihin wurin ba, ka ga gawarwakin motoci a gefen hanyar da idonka. Abin da ke faruwa ba sihiri ba ne, ko da yake za ka ji masu cewa wurin yana da iskoki. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mai da gudu ya koma zafi. A gari, tsakanin taki da taki yana samun damar hucewa. A doguwar gangara, idan ka ɗora ƙafa ka bar ta, zafin ba ya samun mafita. Fatun birkin su yi santsi su daina kamu, man birkin ya tafasa. Sabon mai irin DOT 3 yana tafasa ne a wajen digiri 205, amma wanda ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa tun a 140. Da ya tafasa sai kumfa, ka taka feda ta tafi har ƙasa babu komai. A wannan lokaci tirelar da kake ja ita ce ke tura ka.

Tsofaffin direbobi suna cewa giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Gaskiya suka faɗa a zamaninsu. Motocin yanzu sun ƙara ƙarfin hawa, suna haye tudu da giyar da ba za ta iya riƙe su a saukowa ba, don haka ni ina ƙara maka da cewa ka rage ɗaya a kan wadda ka hau da ita. Kuma ka sa ta tun kana bisa, kafin hancin motar ya sunkuya. In ka bari gudu ya taru, giyar hannu ba za ta shiga ba sai da gurzawa, in ma ta shiga ta tilasta wa injin juyin da ya fi ƙarfinsa. Otomatik kuwa ƙara za ta yi maka ta ƙi sauka, don kare kanta.

Ka kuma sani cewa injin dizal, duk da ƙarfinsa a ja, ba gwani ba ne wajen riƙe mota a gangara. Injin fetur yana da 'yar ƙofa da ke toshe iska idan ka ɗaga ƙafa, wannan toshewar ce ke riƙe shi. Dizal iskarsa a sake take. Wani Ba'amurke mai suna Clessie Cummins, wanda injinan Cummins ke ɗauke da sunansa, ya ɗanɗana wannan a 1931, lokacin da birkin babbar motarsa ya gaza a gangaren Cajon da ke Kalifoniya, saura ƙiris ya afka wa jirgin ƙasa. Abin bai bar ransa ba har sai da ya ƙirƙiro birkin inji, wanda kamfanin Jacobs ya fara sayarwa a 1961. Wannan ƙara mai kama da ɓarin wuta da kake ji daga wasu manyan tireloli a gangara, shi ne. Ƙaramar motarka mai yiwuwa ba ta da irinsa, saboda haka giyar ƙasa da haƙurinka su ne madadinsa. Idan ka sa biyu ko uku ka ji injin ya ɗaga murya, kada ka tsorata, muddin allurar ba ta kusanci jan layi ba. In gudun ya fara ƙaruwa, ka taka birki da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi har ka rage kamar kilomita goma, ka sake shi ya sha iska, in ya sake taruwa ka maimaita. Idan ka ga kana yawan maimaitawa, giyar ta yi sama.

Sai maganar sa mota a firi a gangara don rage shan mai. Na san tsadar dizal, na san akwai masu ba direba mai a ƙididdige su ce abin da ya rage nasa ne. Amma wannan dabara ko riba ba ta da ita. Injin zamani mai kwamfuta yana yanke mai gaba ɗaya idan mota na cikin giya tana gangarawa kuma ƙafarka ba ta kan totur. A firi kuwa dole ya ci gaba da shan mai don kada ya mutu. Ka ga mai firi ya yi hasarar mai, ya kuma jefar da abin da zai riƙe shi. Duk wanda ya ba ka wannan shawara, ko da ya girme ni, ka gaishe shi da ladabi ka wuce.

Sauran abubuwan gajeru ne. Da giya ɗaya ake tashi, ko da ka saba tashi da biyu in babu kaya, kuma kada ka riƙe mota a tudu da rabin kuloci, birkin hannu yana nan, weji ma yana nan. Giyar taya huɗu mai rubutun 4L tana da amfani wajen fita daga yashi ko laka a gona, da kuma yin ribas a hankali da tirela a kan ƙasa, amma kada ka hau kwalta busasshiya da ita ko da 4H, domin a irin wannan mota tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke, a kwana sai su riƙa murɗe juna. Ka kuma duba takardar motar. Ana cewa sabuwar Hilux tana jan har kilo 3,500, amma wannan ga tirela mai nata birkin ne. Wadda ba ta da birki iyakarta kilo 750, kuma yawancin waɗanda maƙeranmu ke haɗawa ba su da shi. Idan irin wannan aka ba ka, ka faɗa wa maigidanka cikin ladabi tun kafin a yi lodi, domin babu giyar da za ta gyara kayan da suka wuce kima.

A hawan dawowa, ka riƙa satar kallon agogon zafi. In allura ta fara tashi, kashe na'urar sanyi, rage giya, in ba ta sauka ba ka nemi wuri ka tsaya ka bar injin yana aiki a hankali, kuma kada ka kusanci murfin lagireto sai ya huce. Ko da komai lafiya, idan ka haye tudun ka tsaya shan shayi, ka ba injin minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe shi, don mai ya zagaya ya sanyaya na'urar turbo ta injin da ta sha wuta a hanya.