Yadda Ake Aiki da Faifan Daimon na Yankan Tayil da Dutse

Faifan da masu saka tayil ke ɗaurawa a giranda ba shi da haƙora irin na zarton kafinta. Ƙananan ƙwayoyin daimon ne ake cakuɗawa da garin ƙarfe, kamar kobalt ko tagulla, a gasa, a liƙa a bakin faranti na ƙarfe. Daimon ɗin ma ba haƙo shi ake yi ba, a masana'anta ake haɗa shi, fasahar da kamfanin General Electric na Amurka ya sanar da ita a 1955. Faifan goge dutse yake yi kaɗan-kaɗan, kuma yayin da ƙarfen da ke riƙe ƙwayoyin yake cinyewa, sababbi na fitowa fili. Shi ya sa danna shi da ƙarfi ba ya ƙara masa sauri.

Da zaɓi ake farawa. Abu mai tauri, irin giranit, yana son faifai mai laushin riƙo, domin ƙwayoyin da suka dakushe su zube da wuri. Bulo da kwalta kuwa suna cin ƙarfe, sai mai taurin riƙo. Mai santsin baki na tayil ne, ba ya ɓantare gefe. Mai giɓi-giɓi na kankare ne da bulo.

Kafin a ɗaura, a zare filogi daga soket, kashe makunni kaɗai bai isa ba. A duba farantin ko ya tsage ko ya lanƙwashe, ko wani yanki na bakin ya fita. Idan haka ne, ya gama aiki. Akwai kibiya a jikinsa, dole ta bi yadda injin ke juyawa. Akwai kuma lambar iyakar gudu. Faifai mai faɗin milimita 115 yakan ɗauki zagaye 13,300 a minti, mai milimita 230 kuwa wajen 6,600 ne iyakarsa. Ƙaramar giranda tana yin kusan 11,000. Saboda haka mai aikin da ya cire murfin kariya don babban faifai ya shiga ƙaramin inji ya kusa ninka gudun da faifan zai iya jurewa, ga shi babu abin da zai tare fuskarsa idan wani yanki ya tashi.

An ɗaure, an mayar da murfi? Sai a kunna a bar shi ya juya a iska na ɗan lokaci, a saurara ko yana rawa. A danne tayil ɗin a kan abu mai ƙwari, a riƙe inji da hannu biyu, a tsaya gefe da layin yanka. Yankan farko a yi shi sama-sama, sannan a riƙa zurfafawa. Kada a murɗa faifai a cikin tsagi, kada kuma a yi gugar gefe da shi.

Zafi ne ke kashe yawancin irin wannan faifai. A yankan bushe, akan ɗaga shi jefi-jefi ya juya a iska ya huce. Farantin da ya fara shuɗi ya riga ya ƙone. Wanda aka rubuta na ruwa ne, to da ruwa kawai, kuma a kan injin da aka yi domin haka, don ruwa da wayar lantarki ba sa haɗa hanya. Ruwan yana kuma kwantar da ƙura. Wannan farar ƙura tana ɗauke da silika, wadda ke taruwa a huhu ta jawo silikosis, ciwon da ba a warkewa daga gare shi. Ɗaura hankici a hanci ba ya tare ta, sai takunkumi irin N95, tare da tabarau da abin toshe kunne.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, a kashe makunni nan take. Girandar da aka ajiye a kunne kan tashi da kanta in wuta ta dawo.

Wani lokaci faifai kan daina ci, bakinsa ya yi sumul yana fitar da tartsatsi, a ɗauka ya ƙare. Sau da yawa toshewa kawai ya yi: a yanki tsohon bulo da shi sau biyu ko uku, sababbin ƙwayoyi su buɗe. Bayan an tashi aiki a goge shi, a shanya, a rataye shi a ƙusa maimakon jefa shi cikin buhu tare da guduma da cebur.