Cizon Sauro: Yadda Ake Kare Jiki da Yadda Ake Kwantar da Ƙaiƙayi

Sauro ƙwaro ne da ke rayuwa a kan ruwan furanni da na 'ya'yan itatuwa, kuma namijinsa ba ya cizon kowa tun daga ƙyanƙyasarsa har mutuwarsa. Macen ce kaɗai ke farautar jini, domin ƙwayayen da ke cikinta ba sa ƙosawa sai ta sami abin gina jiki da ke cikin jinin mutum ko na dabba. Abin da ake kira cizo a haƙiƙa huda ne, gama bakinta siririn tsinke ne da take sokawa cikin fata har ya iske ƙaramar jijiyar jini, kuma kafin ta fara tsotsa sai ta tsarta yawunta a wurin, wanda ke ɗauke da sinadaran da ke hana jini daskarewa. Jiki yana ɗaukar wannan yawu a matsayin baƙon abu, sai ya saki wani sinadari nasa mai suna histamin, wanda ke buɗe ƙananan jijiyoyi har ruwa ya tsattsafo ƙarƙashin fata, wurin ya tasa, ya yi ja, ya kama ƙaiƙayi. Ta cikin wannan yawun ne kuma ƙwayoyin cuta ke shiga jiki, idan macen sauron tana ɗauke da su.

Daga nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu da yawancin mutane ke kuskurewa, wato tsananin ƙaiƙayi ba ya nuna girman haɗarin cizo. Baligin da sauro ya shekara talatin yana cizonsa jikinsa ya saba da yawun, don haka yakan kwana ana shan jininsa ya tashi ba ko ƙurji, alhali jariri ko baƙon da bai saba ba cizo ɗaya kan tayar masa da kumburi kamar ƙwayar gyaɗa ko fiye. Wanda ke alfahari da cewa sauro ba ya damunsa, sau da yawa abin da yake nufi shi ne ya daina jin cizon, ƙwayar cutar kuwa ba ta neman izinin fata kafin ta shige. A shekarar 1897 ne wani likita Baturen Ingila, Ronald Ross, ya gano a ƙasar Indiya cewa ƙwayar zazzaɓi tana girma a cikin sauro, kuma har yau Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mafi yawan masu rasuwa kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Sauron da ke ƙasar Hausa ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin bambancinsu shi ne ke nuna inda za a sa ƙarfi. Wanda masana ke kira Anofilis shi ne mai yaɗa zazzaɓi, yana fita ne daga magariba zuwa asuba, musamman tsakar dare, kuma idan ya sauka a bango yakan ɗaga bayansa sama kamar mai shirin tsayawa da ka. Ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke duka, irin wanda ke kwanciya a sawun kofaton shanu, da ramin da aka haƙa don yin tubali, da gefen kududdufi, da fadamun shinkafa. Wannan ne ya sa garuruwan da ke kusa da noman rani, irin su yankin Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, ba sa rabuwa da shi ko da damina ta wuce. Wanda ake kira Kuleks kuwa shi ne na kwatami da lambatu da ramin wanka, mai yawan kuka a kunne da hana barci. Na uku, Edis, baƙi ne mai zane-zanen fari a ƙafa, yana cizo da rana da kuma yamma, yana hayayyafa a randa da tulu da tsohuwar taya da gwangwani, kuma shi ke yaɗa cutar shawara, wadda ta ɓulla a yankin Yankari na jihar Bauchi a 2019, da zazzaɓin dengi.

Dukansu rayuwarsu a ruwa take farawa. Ƙwan da aka saka yakan ƙyanƙyashe ya zama 'yar tsutsa mai mutsu-mutsu, wadda kowa ya taɓa gani a gindin randar da aka daɗe ba a wanke ba, kuma a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun isa ta zama sauro mai fiffike. Saboda haka duk gidan da aka ɗauki al'adar zubar da kwantaccen ruwa sau ɗaya a mako, a wanke randa da kaskon kaji a goge cikinsu, a rufe duro da tanki, a kife ƙwarya da gwangwani, a cike ramukan tsakar gida da ƙasa, to an yanke wa sauro hanya tun kafin ya tashi. Sai dai sauro bai san katanga ba, kuma gida ɗaya mai tsabta a tsakiyar unguwar da kwatocinta suka toshe ba zai tsira ba. Aikin gayya na yashe magudanai kafin saukar damina, ƙarƙashin mai unguwa, shi ne ke cika abin da gida ɗaya ba zai iya ba.

Garkuwar da ta fi kowace amfani da dare ita ce gidan sauro mai magani, wato ragar da aka saƙa zarenta tare da maganin kashe ƙwari, ta yadda sauron da ya sauka a kanta zai mutu ko ya gudu. Irin wanda ake rabawa kyauta an yi shi ne ya yi kimanin shekara 3, ya kuma jure wanki kusan sau 20, muddin da sabulu mai sauƙi aka wanke shi aka shanya a inuwa, domin rana tana kashe ƙarfin maganin. Sabo kuma akan buɗe shi a inuwa ya sha iska kwana ɗaya kafin a shiga, abin da ke rage zafin fuska da wasu ke kuka da shi. Dole a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane ɓangare, a ɗinke hudar da ta bayyana ko da ƙarama ce, kada kuma mai barci ya jingina hannu ko gwiwa da ragar. Babbar matsalar ita ce zafi: a bazara da farkon damina mutane kan fito tsakar gida ko kan soro su kwanta a fili, su bar gidan sauron a rataye a ɗaki, alhali sanduna huɗu ko igiyar shanya sun isa a kafa shi a waje. Abin takaici ne kuma a ga ragar da aka bayar don yaro an kewaye lambu da ita, ko an rufe 'yan tsaki.

Tsakanin magariba da lokacin shiga barci, sa'ad da ake hira a ƙofar gida ko karatun dare, tufafi ne kariya: riga mai dogon hannu, wando ko zane mai saukowa, da safa ga yara, tun da sauron zazzaɓi ya fi kai hari ƙafa da idon sawu. Numfashin mutum da ɗumin jikinsa da warin gumi su ne ke jawo shi, fanka kuwa tana tarwatsa waɗannan alamomi, tana kuma hana shi sauka. Akwai mayukan shafawa masu korar sauro, mafi shahara shi ne mai sinadarin DEET, wanda ake shafa wa fatar da ke buɗe kawai, ban da ido da baki da miki da tafin hannun yaro, ba a kuma shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba. Raga a taga da rufe ƙofa tun kafin faɗuwar rana suna rage masu shigowa.

Hayaƙi tsohuwar dabara ce, kuma Hausawa sun daɗe suna turara ganyen darbejiya da ɓawon lemo da tsiron nan da suka raɗa wa suna sarakuwar sauro, saboda yadda sauro ke kauce masa kamar suruki. Hayaƙin yana kora na ɗan lokaci, amma yakan mutu kafin tsakar dare, daidai lokacin da Anofilis ya fi cizo, kuma shi da maganin kunnawa na kanti suna tayar da tari da asma a rufaffen ɗaki. Ruwan nan da ake sayarwa a kwalabe da sunan fiya-fiya ya fi su haɗari nesa ba kusa ba, domin guba ce ta feshin gona wadda ke shiga jiki ta numfashi da ta fata, kuma yara kan shanye ta bisa kuskure.

Idan an riga an yi cizon, abu na farko shi ne a wanke wurin da ruwa da sabulu, sannan a ɗora tsumma mai sanyi ko ƙanƙara da aka naɗe a ƙyalle na kimanin minti 10, domin sanyi yana tsuke jijiyoyin da histamin ya buɗe. Ruwan kalamin, wanda ke bushewa ya bar fari-fari a fata, yana kwantar da ƙaiƙayi, haka ma man haidirokotison mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 idan an shafa kaɗan na 'yan kwanaki. Man kaɗanya kuma yana tausasa fatar da ta bushe. In cizon ya yi yawa har ya hana barci, ma'aikacin lafiya kan ba da ƙwayar da ke danne histamin, irin su setirizin ko kulofeniramin, sai dai ta biyun tana sa gyangyaɗi, don haka ba ta dace da direba ko mai aiki da inji ba. Kananzir da man birki da toka da man goge baki ƙona fata suke yi, mayukan bilicin da na haɗe-haɗe kuwa suna sirantar da ita.

Susa ita ce ke mayar da ƙaramin ƙurji babban ciwo. Farce yana ƙara tayar da ƙaiƙayin, yana kuma yage fata ya shigar da datti, har wurin ya yi ruwa, ya tara mugunya, wani lokaci ya zama gyambo, musamman ga mai ciwon sukari. Irin wannan miki a jikin yaro yana iya taɓa ƙoda bayan 'yan makonni. Yanke wa yara farce da rufe wurin da suka matsa wa yana hana wannan. Kumburin cizo na yau da kullum yakan sace cikin kwana 2 zuwa 3, amma idan ja da zafi suna faɗaɗa, ko fuska da leɓe sun kumbura, ko numfashi ya yi wuya, to asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba.

Zazzaɓin kuwa ba ya bayyana a ranar cizo, yakan ɗauki mako ɗaya ko biyu, lokacin da an manta da ƙurjin. Duk zafin jiki a ƙasar Hausa ya cancanci gwajin jini na ɗan yatsa, wanda ke fitowa cikin kusan minti 20, kafin a sha magani, kuma yaron da ke jijjiga, ko yawan amai, ko ya ƙi nono, ko idonsa ya yi rawaya, ba a kwana da shi a gida. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi kowane wata a lokacin damina a ƙasashen Sahel, wanda ake bi gida-gida da shi a arewacin Nijeriya da Nijar. Mai juna biyu kuma tana karɓar nata a wurin awo daga wata na huɗu, sannan a Disambar 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin a jihohin Kebbi da Bayelsa.