Guzurin Dawowa

Sana'ata yankar tikitin jirgi da shirya wa matafiya takardu. Ɗan Dingyadi ne ni, a ƙaramar hukumar Bodinga, kuma yawancin masu zuwa teburina a Sakkwato mutanenmu ne na gida da na Shagari da ƙauyukan da ke tsakani: masu Umara, 'yan kasuwar Dubai, ɗalibai, da masu kai marasa lafiya Masar ko Indiya. Abin da na lura da shi shekara da shekaru shi ne, mutum yana lissafin fita har kwabon ƙarshe, amma dawowa sai ya ce ai tikitin na je-ka-dawo ne, magana ta ƙare. Zamanin korona ne ya nuna mini illar wannan lissafi, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

An rufe filayen jiragenmu ga jiragen ƙasashen waje a watan Maris na 2020. Da aka buɗe ranar 5 ga Satumba, Legas da Abuja kawai aka buɗe; filin Malam Aminu Kano sai a Afrilun 2021. Kwamitin shugaban ƙasa da Boss Mustapha ya jagoranta ya gindaya sharuɗɗa: kafin ka hau jirgin dawowa sai ka yi gwajin PCR a ƙasar da kake, ka shiga shafin intanet na hukumar NCDC ka cike fom, ka ɗora sakamakon, ka biya kuɗin wani gwajin da za a sake yi maka a rana ta bakwai bayan saukarka, sannan a turo maka izinin tafiya mai lambar nan mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da waya. Yara 'yan ƙasa da shekara 10 ne kawai aka ɗauke wa. A Legas gwajin naira 50,400 ne, a Abuja kusan 40,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake 30,000. Kamfanin jirgin da ya ɗauko fasinja babu gwaji kuwa tarar dala 3,500 ke kansa, shi ya sa ma'aikatan jirgi ba sa sauraron magiya, ko da dattijo ne ya tsaya gabansu.

A watan Nuwamba na 2021 na shirya wa wata dattijuwa ta unguwarmu tafiya Alƙahira aikin gwiwa, ɗanta ne ya raka ta. Da bakina na gaya musu: idan za ku dawo, ku yi gwaji cikin awa 72 kafin tashi. Haka dokar take a ranar. Suna can sai nau'in Omikron ya ɓulla, gwamnati ta mayar da wa'adin awa 48 daga ranar 5 ga Disamba, gwajin rana ta biyu bayan sauka kuma yana kan kowa. Na sanar da na Dubai, na sanar da ɗalibai, su kuwa na sha'afa. Laifina ne, kuma har yau yana damuna.

Da tsakar dare ɗan ya kira ni daga filin jirgi, ina jin lasifika tana kiran fasinjoji a bayansa. Ya ce, "Yaya, sun ce takardarmu ta wuce lokaci. Ga Inna kan keken guragu tun magariba." Ta karɓi wayar, muryarta a dushe, ta ce, "Ɗana, ba kai kac ce kwana ukku ba?" Na rasa abin da zan ce mata sai haƙuri.

Jirgi ya tafi ya bar su. Suka koma masauki, suka sake biyan gwaji, suka biya kuɗin sauya ranar tikiti. A nan gida kuma ga gwajin rana ta biyu na mutum biyu, ga na rana ta bakwai na ɗan, domin ita ta yi allurar rigakafi, shi bai yi ba. Gwaji uku ke nan, sun doshi naira 120,000, ban da na Masar. Na ɗauki wani kaso, sauran sai da ƙaninsa ya kai tumaki biyu kasuwa. Da suka iso Abuja, washegari suka kamo hanyar gida, sai wata wahalar ta taso: wurin gwajin da aka biya yana Abuja, su suna Dingyadi. Kwana biyu na yi ina bugun waya kafin a haɗa mu da wanda zai ɗauki samfurin a Sakkwato.

Mutane da yawa a lokacin sun ce tunda an biya, a bar gwajin kawai. Ban taɓa yarda da wannan shawara ba. A farkon 2021 gwamnati ta fitar da lambobin fasfo 100 na waɗanda suka ƙi zuwa gwajin rana ta bakwai, ta hana su fita ƙasar wata shida. Ga ɗan kasuwa, wata shida babu tafiya karyewar jari ne. Kuma ko babu hukunci, wanda ya dawo daga tafiya a garinmu ba ya zama shi kaɗai: ana zuwa barka da sauka, ana musabaha, tsofaffi ne a sahun gaba. Cutar kan ɗauki kwanaki a jiki kafin gwaji ya iya gano ta, shi ya sa aka ce a maimaita.

Akwai kuma masu sayar da sakamakon bogi. An sha kawo mini tayi, wai in riƙa turo mutane a raba riba. Na ƙi. Takardar ƙarya ba ta cire cuta daga jikin mai ita, kuma idan aka kama mutum da ita a ƙasar da ba tasa ba, babu wanda zai fitar da shi.

Sharuɗɗan sun sassauta daga baya. A watan Afrilun 2022 aka ɗauke wa masu cikakken rigakafi gwajin kafin tashi, a Disambar shekarar kuma aka janye gwajin baki ɗaya. Sai dai ƙofar da aka buɗe ba a toshe ta ba. Hajjin 2022 sai da gwajin awa 72 da rigakafi, kuma ba a karɓi wanda ya haura shekara 65 ba. A watan Agustan 2024, da ƙyandar biri ta taso, an sake dawo da cike fom ɗin lafiya ga masu shigowa ƙasar. Katin allurar shawara da allurar sanƙarau ta masu zuwa Saudiyya kuwa suna nan daram, kuma ta sanƙarau sai ta kwana 10 a jiki kafin a isa.

Don haka ga yadda nake aiki yanzu. Duk wanda na yankar wa tikiti, sai na ce ya ware guzurin dawowa daban, abin da zai ishe shi masaukin kwana uku da sauya tikiti da gwaji idan an buƙata, kada ya taɓa shi a sayen tsaraba. Sai na ce kwana uku kafin dawowa ya duba shafin hukuma da na kamfanin jirginsa da kansa, ko ya sa ɗansa ya duba, kada ya dogara da saƙon WhatsApp, kada ma ya dogara da abin da ni na gaya masa ranar fita. Kowace takarda a buga ta a riƙe a hannu, domin waya takan mutu a layi. Sunan da ke kanta ya dace da na fasfo harafi da harafi. Na ga wanda aka tsayar saboda Muhammadu a nan, Mohammed a can.

Ina da wani littafi a aljihun tebur, kowane matafiyi da ranar dawowarsa. Kullum bayan sallar asuba nakan buɗe shi, in kira waɗanda saura musu kwana uku.