Yadda aka fara baje kolin motocin hot rod a Amurka

Hot rod tsohuwar mota ce da aka rage mata nauyi, aka ƙara wa injinta ƙarfi don ta yi gudu. Abin ya samo asali ne a kudancin jihar Kalifoniya a shekarun 1930. Samari marasa kuɗin sabuwar mota kan sayi Ford ta hannu, su cire duk ƙarfen da ba dole ba, sannan su tafi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. Wanda ya taɓa buɗe tsarin wayarsa don ta yi abin da kamfani bai tsara ba zai gane irin wannan ƙaiƙayin hannu. A 1937 ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa SCTA domin tsara tseren da auna gudun kowace mota.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo gida da ilimin kanikanci, harkar ta bunƙasa, tsere a kan titunan gari ma ya ƙaru. Jaridu suka riƙa kwatanta masu hot rod da 'yan iskan gari, 'yan sanda suka sa musu ido. Wannan baƙin jini ne ya haifar da baje kolin farko. A watan Janairun 1948 SCTA ta jera motoci a wani zauren sojoji a Los Angeles, domin iyaye da hukuma su ga aikin injiniyan da ke ciki da idonsu. Wani matashi mai suna Robert Petersen, da ke cikin masu tallata taron, ya fitar da bugun farko na mujallar Hot Rod a wannan watan, yana sayar da ita a wurin kan santi 25.

A 1950 Al Slonaker ya buɗe National Roadster Show a Oakland, da kofi mai tsayin kusan ƙafa tara ga motar da ta fi kyau. Bill Niekamp ne ya fara lashe shi da Ford ƙirar 1929. A nan ne ma'auni ya sauya: a tafki agogo ke yanke hukunci, a zaure kuwa fenti da tsaftar walda ake dubawa. Hakan ya buɗe hanya ga motocin kwalliya, waɗanda ake sare musu rufi a rage tsayi, a cire adon ƙarfe, a cike gurbin da dalma. Fitacciyar cikinsu ita ce Mercury ƙirar 1951 da shagon 'yan'uwa Sam da George Barris ya ƙera wa Bob Hirohata.

A Detroit kuwa, dalilin kuɗi ne. Ƙungiyar masu hot rod ta jihar Michigan ta fara Autorama a 1953 don ta tara abin gina filin tsere na halal, kuma har yau ana gudanar da shi.