Yadda Sanyi Ke Niƙa Dutse A Ƙasashen Ƙanƙara

Darasinmu na wannan wata zai kai mu can ƙurewar arewacin duniya, yankin da ake kira Aktik. Ya haɗa da arewacin Rasha, da Alaska ta Amurka, da arewacin Kanada. Sanyin wurin ya fi na hunturunmu nesa ba kusa ba. Ƙasar da ake takawa ita kanta daskarewa take yi, ta yi tauri kamar dutse. A wasu sassan arewacin Rasha zurfin daskararriyar ƙasa ya kusa mita 1,500.

Idan ɗan gajeren lokacin zafinsu ya zo, saman ƙasar ne kaɗai ke narkewa, kamar kamu ɗaya zuwa gaba guda a yawancin wurare. Sanyi na dawowa ya sake daskarewa. A wannan sama-saman ne ake niƙan da muke magana.

Ga yadda abin yake. Ruwa idan ya zama ƙanƙara kumbura yake yi, ya ƙaru da kashi 9 cikin 100. Masu sayar da ruwan sanyi sun san haka, domin kwalbar da aka cika fal aka bari a firji fashewa take yi. To, kowace ƙwayar yashi tana da 'yan tsagogi da ido ba ya gani. Ruwa ya shiga tsaga, ya daskare, ya buɗa ta kaɗan. Ƙanƙarar kuma ba ta tsayawa nan. Takan jawo danshin da ke kusa da ita, ta ƙara kauri, ta ci gaba da turawa. Rana ta fito ta narke, sabon ruwa ya shiga, dare ya yi ya daskare. Yau da gobe sai ƙwayar ta rabe. Kamar dai hatsi ne a dutsen niƙa: daga ƙwaya zuwa tsaki, daga tsaki zuwa gari.

Akwai wani abin mamaki a nan. Yawancin rairayin jigawarmu wani dutse ne mai ƙyalli da masana ke kira kwaz, dangin dutsen ƙyastu. A ƙasashen zafi shi ne gagarau, ruwa da rana kan cinye sauran duwatsu su bar shi. Amma wani masani ɗan Rasha, Konishchev na Jami'ar Mosko, ya bayyana a littafinsa na 1981 cewa a ƙasar ƙanƙara kwaz ne ke saurin farfashewa. Dalili kuwa, cikinsa akwai tsagogi da 'yan ƙananan aljihu masu ruwa. Niƙan yakan tsaya ne idan ƙwayar ta zama gari mai laushi, wanda ya fi yashi ƙanƙanta amma bai kai yumɓu ba. Sai an jera ƙwaya 20 zuwa 100 kafin su cika milimita ɗaya.

Wani zai ce, ina ruwan mutane da garin dutse? Ai shi ne ke rusa musu gidaje. Wannan gari yana tsotso ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke tsotson kananzir. Ruwan ya taru ya zama fallayen ƙanƙara a cikin ƙasa, ƙasar ta kumbura ta ɗaga hanya da harsashin gini. Idan ta narke sai ta koma taɓo, gini ya nutse ta gefe guda, bango ya tsage.

Shi ya sa a Yakutsk, babban birni a gabashin Rasha, ake ɗora manyan gidaje a kan ginshiƙan kankare, a bar iska tana ratsawa ta ƙarƙashi, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da ƙasa. A ganina dabarar ta yi kama da ta rumbunmu da ake ɗagawa a kan duwatsu, sai dai mu danshi da gara muke gudu. Haka ma bututun man fetur na Alaska, wanda aka gama a 1977. Tsawonsa kusan kilomita 1,300 ne, kuma fiye da rabinsa a kan ƙafafun ƙarfe yake tafiya, bai taɓa ƙasa ba.