Darasi: Buhun da Ke Kashe Ƙwaron Wake Ba da Magani Ba

'Yan'uwa manoma, kowa a cikinmu ya san tafiyar farashin wake. Da kaka, sa'ad da kowa ya kai nasa kasuwa, mudu yakan yi araha. Kafin ruwan farko ya sauka, lokacin da ake neman iri da taki da kuɗin makarantar yara, sai farashin ya hau. To, me ya sa muke sayarwa da kaka? Wasu bashi ne ke korarsu, wannan gaskiya ne. Amma da yawa tsoron ƙwaro ne. Mutum yakan ce gara ya karɓi kaɗan yau da ya buɗe buhu bayan wata huɗu ya tarar da gari da ƙwari. Haka ɗan kasuwa yake cin ribar wahalar da muka sha a gona. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wannan wake namu, Nijar na biye da ita, saboda haka asarar ba ƙarama ba ce.

Yadda ƙwaron yake aiki

Ƙwaron wake ba a rumbu yake fara shiga ba. Tun a gona macen take manna ƙwai a jikin kwanson da ya fara bushewa, mu kuma mu kwaso shi gida ba mu sani ba. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa ta huda ƙwayar wake ta shige, ta zauna ciki tana ci. Bayan mako uku zuwa huɗu sai ta fito ta zama ƙwaro mai fiffike, ta bar wannan ƙaramin rami da muka sani. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai kusan 100. Ku yi lissafi da kanku: kowane wata sabon zubi, kowane zubi ya ninka na baya. Shi ya sa buhun da ya yi kyau a watan Nuwamba yake zama abin tausayi a watan Maris.

Abin da mutane da yawa suka koma yi shi ne zuba magani. Wasu fiya-fiya, wasu Gamalin, wasu kuma ƙwayar nan da ake kira bam, a jefa ta cikin buhu a ajiye a ɗakin da yara suke kwana. Fiya-fiya da Gamalin ba a yi su don a zuba cikin abinci ba. Ƙwayar bam kuwa hayaƙinta yana kashe mutum a ɗaki rufaffe. A shekarar 2008 an kwantar da ɗalibai mata sama da 100 a asibiti a Jihar Gombe bayan sun ci waken da aka ajiye da magani. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin sun gwada sun sami maganin ƙwari a ciki fiye da kima. Waken da Turawa suka ƙi, shi ne muke yin ƙosai da alale da shi.

Abin da aka gano a Marwa

A shekarar 1987 wasu masana ƙwari suka fara aiki a kan wannan matsala a Marwa, arewacin Kamaru. Akwai Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue a Amurka, akwai masu bincike na cibiyar aikin gona ta gwamnatin Kamaru, cikinsu da Georges Ntoukam. Kuɗin aikin ya fito ne daga hukumar USAID, wato harajin talakawan Amurka, albashin 'yan Kamarun kuma daga gwamnatinsu. Ba kamfani ba ne ya aiko su don ya sayar da wani abu.

Abin da ya fi burge mu a labarin shi ne inda suka fara. Sun shiga ƙauyuka tukuna suna tambayar manoma, musamman mata, yadda suke ajiye wakensu. Suka tarar wasu suna cuɗa shi da toka, wasu suna shanya shi a rana, wasu suna liƙe shi cikin tulu ko duro. Sai suka ɗauki waɗannan dabaru ɗaya ɗaya suna gwadawa, suna ƙirga ƙwai da ramuka, don su san wadda take aiki da kuma dalilin da wani lokaci take ƙi. Toka, alal misali, tana aiki sosai, amma sai an tankaɗe ta, an zuba mudun toka ga kowane mudun wake, an kuma rufe saman da toka. Wanda ya barbaɗa 'yar kaɗan bai yi kome ba. Rana ma tana kashe ƙwai da tsutsa, idan an shimfiɗa baƙar leda a kan busasshiyar ciyawa, an baza waken, an rufe da farar leda na sa'a biyu da tsakar rana. Iyayenmu mata sun san hanyar. Ma'aunin ne masu bincike suka ƙara.

Dabara ta uku ita ce ta fi yin nisa: a zuba wake cikin leda, a ɗaure, a sa cikin wata ledar, a ɗaure, a sake sawa cikin ta uku. An rubuta bayaninta tun 1991. Amma ta daɗe ba ta bazu ba, domin ledar da ta dace ba ta kasuwa, manomi kuwa ba zai saka dukan amfanin gonarsa cikin abin da bai gani da idonsa ba. Sai a 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗi aka kai dabarar ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka, da sunan buhun PICS. A Nijar masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi, irin su Dokta Ibrahim Baoua, suka ci gaba da gwaji. A Nijeriya cibiyar IITA da malaman gona suka shiga ƙauyuka. Yadda suka yi shi ne, mutanen ƙauye su kawo wakensu, a ɗaure a gaban kowa, bayan wata huɗu zuwa shida a taru a buɗe a gaban kowa. Gani ya kori ji. Daga baya aka gwada buhun da masara da dawa da sauran hatsi, ya yi aiki.

Me ke kashe ƙwaron?

A nan ne muke roƙo ku natsu, domin wanda ya gane wannan ba zai yi kuskure wajen ɗauri ba. Buhun PICS leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Babu magani ko ɗigo a jikinsa. Ƙwaro yana numfashi kamar mu. A cikin iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne iskar oksijin, wadda rai yake bukata. Idan an ɗaure buhu iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye oksijin ɗin, har ya ragu ƙwarai. Daga nan sai su daina ci, su daina haihuwa.

A 2012 Murdock da Baoua da abokan aikinsu suka buga wani sakamako mai ban mamaki. Tsutsar da ke cikin busasshen wake ba ta da ruwan sha. Jikinta ne yake yin ruwa daga abincin da ta ci, yin hakan kuwa sai da oksijin. Idan oksijin ya yi ƙasa, ruwan ya yanke, sai ta bushe ta mutu. Ashe ƙishirwa ce take kashe ta.

Saboda haka abokin gābanmu shi ne rami, kome ƙanƙantarsa. Kafin ku zuba wake, ku buɗe kowace leda ta cika da iska, ku riƙe bakin, ku matsa, ku saurara ko iska tana fita. In akwai huda, a liƙe da salatif ciki da waje. Waken ya bushe sarai, yadda in an ciza zai yi ƙas. Ɗanyen wake a cikin leda ruɓewa yake yi. A sheƙe shi da kyau, a tsince tsakuwa da tsinke, domin su ne suke huda ledar daga ciki. A saka leda cikin leda, a saka su cikin buhun saƙa, a riƙa zubawa kaɗan kaɗan ana girgizawa don ya zauna. Kada a cika har baki, a bar wurin ɗauri. Sai a matse iskar da ta rage, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa, a ɗaure da igiya ko robar taya. A yi wa leda ta biyu haka, sannan buhun waje. Kowanne da ɗaurinsa dabam. Wanda ya haɗa su ukun ya ɗaure wuri ɗaya don sauri, ya ɓata kuɗinsa.

A ɗora buhun a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kada rana ta riƙa dukansa. A share ɗakin saboda ɓera. Waken da za a ci a gida cikin wata ɗaya ko biyu a ware shi dabam tun farko, domin duk lokacin da aka buɗe, an ba ƙwarin sabuwar iska. Kuma a ɗaure da wuri, da zarar an cashe an busar. Buhun yana tsayar da ɓarna, ba ya mayar da waken da aka riga aka cinye.

Mata sukan tambaya ko waken zai tsira in an shuka. Zai tsira, muddin ya bushe kafin a ɗaure. Maza kuma sukan ce buhun ya yi tsada. Ya fi buhun gama-gari tsada, babu shakka. Amma in an kula da shi yakan yi shekara uku, saboda haka a raba kuɗin uku, a cire kuɗin maganin da ba a saya ba, sannan a gwada da mudun da ƙwaro yake ci a buhu ɗaya. A yi hankali da jabu, masu leda sirara kamar ta sayen kayan miya. Wanda bai sami buhun ba, jarka ko duro mai murfi mai kyau zai yi aiki iri ɗaya, in an wanke, an busar, an cika shi har wuya, an liƙe murfin.

Wa zai biya kuɗin irin wannan aiki?

Mai sayar da maganin ƙwari ba zai kashe kuɗinsa don ya koya mana cewa toka ko leda ta isa ba. Bincike irin wannan, wanda ribarsa ta manomi ce, yakan fito daga cibiyoyin da ake riƙe da kuɗin jama'a, yakan kuma ɗauki lokaci: daga Marwa zuwa kasuwannin ƙauyukanmu shekara 20 ne. Gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025, don haka wannan ƙofa ba ta nan kamar dā. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, wadda ta samo asali tun 1922, tamu ce, da kuɗinmu ake biyan ma'aikatanta. Ire-iren wake masu suna SAMPEA da masara masu suna SAMMAZ ta hannunta suke fitowa. Muna ganin ya dace in masu neman ƙuri'a sun zo da buhun shinkafa, mu tambaye su nawa aka ware wa irin waɗannan cibiyoyi, da kuma dalilin da ya sa malamin gona ya daina zuwa ƙauyenmu.

Don tattaunawa a ƙungiya

A taron zumuntar mata ko na matasa, ku tambayi dattawan cikinku yadda ake ajiye wake kafin zuwan magani, ku gwada da ma'aunin tokar da aka faɗa a sama. Hatsin da ake kawowa ranar godiyar girbi, yaya ake ajiye shi, wa yake duba abin da aka zuba masa? In ikilisiya za ta sayi buhu biyu a wannan kaka, a ɗaure ɗaya yadda aka bayyana, a bar ɗaya a buhun gama-gari, wa zai riƙe mabuɗin ɗakin, kuma wace rana za a taru a buɗe?